Awa Ɗaya A Kan Dandamali, Sauran A Kan Hanya

A fitowar da ta gabata mun yi alƙawarin za mu tattauna a kan masu kama kujera a laburare lokacin jarrabawa, waɗanda ke ajiye jaka tun asuba su tafi yawonsu. A yi mana afuwa, mun ɗage wannan zuwa gaba, domin wata magana ta taso a ɗakinmu wadda ta hana mu barci da wuri kwana uku a jere, kuma muna kyautata zaton ba a ɗakinmu kaɗai ake yin irinta ba.

Mu shida ne a ɗakin da aka gina domin mutum huɗu. A cikinmu akwai wani ɗan aji biyu mai kaɗa jita, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa saboda Babansa yana sayen wannan jarida. Ba irin masu rataya jita don ɗaukar hoto ba ne, da gaske ya iya, mu shaida ne tunda kunnuwanmu ne suka sha wahala tun yana koyo. Wata biyu da suka wuce ya ɗora wani guntun bidiyo a TikTok, yana zaune a bakin gado yana kaɗawa, abin ya ɗan zagaya. Aka fara nuna shi da baki a ƙofar fakalti. Tun daga lokacin muka rasa gane kansa. Ranar Talata da daddare, muna tsakiyar cin garau-garau, ya sanar da mu cewa ya karɓo fom zai jingine karatu na shekara ɗaya ya rungumi kiɗa. In abin ya karɓe shi shi ke nan, in bai karɓe shi ba ya dawo aji.

Hujjarsa a waya take. Ya miƙo mana hoton wata fosta ta Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar, irin fostar da ake fitarwa idan mawaƙi zai fita rangadi: ranaku a hagu, garuruwa a dama, tun daga sama har ƙasa babu masaka tsinke. Ya ce, "Ku ƙirga da kanku. Yau yana wannan birni, gobe yana wancan. Buzu ne fa daga nan bayan Tawa, ba daga sama ya faɗo ba. Wannan ai shi da talauci sai dai ya ji a labari."

Muka ƙirga, kuma gaskiya abin ya burge mu. Amma babban ɗakinmu, ɗan ajin ƙarshe da ke karanta akanta, ya lashe cokali ya ce, "Mutumina, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wa ke biyan kuɗin mota daga wannan garin zuwa wancan?" Aka yi shiru. Babu wanda ya san amsa a cikinmu, har da mai fostar. Shi ya sa muka ƙone datarmu ta mako guda wajen bin diddigin yadda rayuwar irin wannan makaɗi take, kuma abin da muka tarar ne muka kawo muku yau.

Da farko, wane irin kiɗa ne ma? Turawa suna kiransa rok, kiɗan da aka gina a kan jitar lantarki, da wata jita mai kaurin murya da ake ce wa bes, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke bugawa a zaune. A cikinsa akwai reshen da ake kira indi, sunan da aka gutsuro daga kalmarsu ta zaman kai. Ana nufin mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin waƙa, waɗanda a yau guda uku ne suka mamaye kasuwar duniya: Universal, Sony da Warner. Ɗan indi ko dai ya fitar da waƙarsa da kansa, ko ya haɗa kai da ƙaramin kamfani. Daɗin abin, ba mai tilasta masa ya canza salo don kasuwa. Rashin daɗinsa, ba mai zuba masa kuɗi ya ce je ka huta. Mdou Moctar yana tare da Matador, kamfanin da aka kafa a birnin Niyok a 1989, gidan ƙungiyoyi irin su Pavement da Yo La Tengo da Interpol. Wataƙila sunayen nan ba su ce mana komai ba, amma a wurin masu sauraron wannan kiɗa a Amurka da Ingila sunaye ne masu nauyi.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne da aka haifa a tsakiyar shekarun 1980 a arewacin jihar Tawa. Ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa, abin da yawancinmu muka sani sarai. Ya ga fitaccen makaɗin Abzinawa Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, don haka ko bayan ya fara samun jitar gaske, samun wadda ta dace da hannunsa wani aiki ne.

Ga inda labarin ya taɓo mu kai tsaye. Albam ɗinsa na farko, mai suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma duk wanda ya saurara zai ji salon waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci, da wannan lanƙwasa murya ta kwamfuta da yayyenmu suka tashi da ita. Ba shago aka kai shi ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya tsallaka iyakoki ya kai Mali. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke yawo yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutanen Sahara, ya ci karo da ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani kundi da ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya yi ta cigiya har ya gano mai waƙar. Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da kundin waƙoƙin finafinanmu mai suna Harafin So a 2013. A 2015 suka yi fim tare da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince, Mdou yana yawo a Agadas a kan babur rataye da jita. Sunan fim ɗin ma abin dariya ne: tunda harshen ba shi da kalma guda ta launin shunayya, sai aka kira shi ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

Albam ɗin da ya ɗaga shi sosai, Afrique Victime, wanda shi ne na farko a Matador, sai a 2021 ya fito. Akantan ɗakinmu ya ɗauki biro ya rubuta a bayan kwalin sabulu: 2021 a cire 2008. Shekara 13. Ya tura wa mai jita kwalin bai ce komai ba. Shi kuwa shekara ɗaya ya ɗebar wa kansa.

Mu koma kan fosta. Mu a zatonmu garuruwa ne ke rububin gayyato mawaƙi, shi kuma yana zaɓa. Ashe akwai mutum guda da wannan ne aikinsa, wani irin dillali da ke zaune da waya da taswira yana neman zaurukan wasa masu ranar da babu kowa, watanni da yawa kafin lokaci, wani zubin kusan shekara. Jerin garuruwan kuma hanya yake bi, yadda mota za ta iya tashi daga nan da safe ta isa can kafin la'asar. Dalilin da ya sa ake cika ranaku maƙil shi ne ya fi ba mu mamaki. Duk ranar da ba a yi wasa ba, sai an biya masauki, an ci abinci, an biya hayar mota, ga shi ko sisi bai shigo ba. Don haka ranar hutu a wurinsu asara ce da ake gudu. Cikar fostar da ta burge mu, rabinta tsoron ranar banza ne.

Kafin a kai ga ranar farko ma akwai biza. Baƙon mawaƙi ba ya wasa don kuɗi a Amurka da bizar yawon buɗe ido, sai da ta aiki, rukunin da ake kira O ko P. Dole wani a can ya shigar da takarda a madadinsa, da jerin wuraren da zai yi wasa, da kwangiloli, da shaidar cewa shi sananne ne. Daga ranar 1 ga Afrilun 2024 kuɗin shigar da wannan takarda ya tashi daga dala 460 zuwa sama da dala 1,000 ga wasu masu nema, kuma wanda yake gaggawa sai ya ƙara sama da dala 2,500. Bayan nan ga ganawa a ofishin jakadanci. Ku lura da tarkon: sai an tsayar da ranaku ake neman biza, ana kan jiranta kuma ana sayar da tikiti. In ta yi latti da mako ɗaya, layukan farko na fostar sun tafi, kuɗin da aka kashe kuma ba ya dawowa.

Sai hanya. Daga Agadas zuwa Yamai, inda babban filin jirgin sama yake, tafiyar sama da kilomita 900 ce, ta Abalak da Tawa da Ƙonni da Dogon Dutse da Doso, kuma yankin da ke tsakanin Agadas da Tawa ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa. Ƙungiyar mutum huɗu ce: Mdou, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun mai bes, wanda shi Ba'amurke ne kuma shi ke haɗa musu sautin albam. Shi Mikey idan zai je gwaji tare da sauran a Agadas, sai ya sauka daga jirgi ya hau bas ya yi sama da kwana ɗaya cur a hanya. Mu da muke ƙorafi idan aka mayar mana da lacca wani zaure mai nisa, sai muka kalli juna.

To yaya ranar wasa take? Ga yadda muka fahimce ta daga bayanan masu wannan sana'a, kuma kusan iri ɗaya ce ga ƙananan ƙungiyoyin rok a ko'ina cikin Amurka da Turai. Ana tashi a wani ƙaramin otal na bakin titi, mutum biyu a ɗaki, wani lokaci fiye. A loda kaya cikin ƙaramar bas irin hayis: ganguna, amfilifaya, jitoci, kwalayen riguna, jakunkuna a kan cinya. A kama hanya, awa huɗu, awa shida, wata rana takwas. Karin kumallo da abincin rana a gidan mai ake yin su, abin da aka samu. Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi: ina za a tsaya a yi sallah, me ke cikin wannan abinci, in kuma rangadi ya faɗo cikin azumi a ƙasar da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, to sai haƙuri. Ana isa zaure da yamma a sauke kaya da hannu, domin ƙaramar ƙungiya ba ta da 'yan dako. A jona wayoyi, a yi gwajin sauti a gaban kujerun da ba kowa, mai ganguna yana buga abu ɗaya sau talatin har injiniya ya ɗaga hannu.

Daga nan sai jira, wanda duk wanda ya yi rangadi ke cewa shi ne mafi yawan aikin. A zauna a wani ɗan ɗaki a bayan dandamali, a kira gida idan bambancin lokaci ya bari, a jira a buɗe ƙofa, a jira ƙungiyar share fage ta gama. Sannan a hau. Awa ɗaya, ko ɗaya da rabi. Wannan ne kaɗai abin da muke gani a YouTube, rawani yana ƙyalli, yatsu suna gudu a kan waya, jama'a suna ihu. Ana sauka, gumi bai bushe ba, sai teburin sayar da kaya, a gaisa da mutane, a sa hannu a kan faifai. A kwance kaya, a sake lodawa, wani ya je ofis ya yi lissafin kuɗin dare da mai zaure. Ƙarfe ɗaya ko biyu a kwanta. Gobe a maimaita, jibi a maimaita, har mako huɗu ko shida, nesa da iyali.

A nan akantanmu ya karɓi ragama, idanunsa har ƙyalli suke. Kuɗin da zaure ke biya ko dai tsayayye ne da aka yi ciniki tun farko, ko wani kaso na abin da aka samu a ƙofa. Kafin ya shiga aljihun kowa, dillalin wasanni yana cire kamashonsa, yawanci kashi 10 cikin 100. Manaja, in akwai, kashi 15 zuwa 20. Hukumar harajin Amurka kan riƙe kashi 30 na kuɗin baƙon mai wasa, sai dai in an nemi yarjejeniya da ita tun kafin a fara. Sannan a fitar da kuɗin jirgi, da biza, da hayar mota, da mai, da otal, da abinci, da ladan injiniyan sauti ko direba. Abin da ya rage shi za a raba huɗu, kuma shi za a ci har rangadi na gaba.

Shi ya sa teburin nan na bakin ƙofa ba ado ba ne. Riga mai hoton ƙungiya, da faifan garmaho wanda ya dawo yayi a ƙasashen Turawa, su ne sau da yawa ke raba rangadin da aka ci riba da wanda aka faɗi. Wato bayan kaɗa jita sai mutum ya iya tallar riga. Ko a nan ma ba a tsira ba, don wasu zaurukan sukan ce sai an ba su kaso daga cinikin teburin, har kashi ɗaya cikin biyar ko ɗaya cikin huɗu, alhali ba su suka buga rigar ba.

Kada a ce mun zaɓo baƙin labari ne kawai. A shekarar 2022, bayan an buɗe zauruka daga kullen korona, mai da otal da tikitin jirgi suka yi tsada, mawaƙiya Santigold ta soke rangadinta na Arewacin Amurka, ƙungiyar Animal Collective ta soke nata na Turai, duk saboda lissafi ya ƙi fita. Little Simz, mawaƙiyar Landan wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ɗage zuwa Amurka a watan Afrilu, ta bayyana cewa a matsayinta na mai zaman kanta daga aljihunta take biyan komai kuma tafiyar za ta jefa ta cikin giɓi. A wannan shekarar fa ta ci lambar Brit, ta kuma ci Mercury, manyan lambobin waƙa biyu na Ingila.

Mai jita ya ce ai yanzu zamanin intanet ne, ba sai ka hau mota ba. Muka duba nan ma. Ƙiyasin da aka fi yawan ambata shi ne Spotify na biyan wajen dala 3 zuwa 5 a kan kowane sauraro 1,000, kuma kuɗin hannun mai haƙƙin waƙar yake fara zuwa, in kamfani ne sai ya cire nasa. Sauraron da ya fito daga ƙasashen da kuɗin rajista yake da araha, irin tamu, bai kai haka ba. Tun 2024 kuma, waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan ta ko kwabo. Bandcamp, inda masoya ke sayen albam kai tsaye, ya fi sauƙi, kashi 15 yake cira a kan waƙa, amma sai kana da mutanen da suka saba sa hannu a aljihu don waƙa. Mu kuwa a ɗakin nan, mu faɗi gaskiya, ba wanda ya taɓa sayen waƙa a rayuwarsa. Turo min muka sani.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kowane lissafi. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. 'Yan uwanmu na Illela da Jibiya da Maigatari ba sa buƙatar a tuna musu yadda aka rufe iyaka, kasuwa ta tsaya cak. A daidai lokacin su Mdou suna tsakiyar rangadi a Amurka. Aka rufe iyakokin Nijar da sararin samaniyarta, mutum uku suka maƙale a ƙasar da ba tasu ba, iyalansu suna gida. Sai da aka buɗe asusun neman taimako a GoFundMe, masoya suka tara musu na masauki da abinci. Ƙungiyar da manyan jaridun Amurka ke yabo ke nan, wadda bayan wata tara ta hau dandamalin bikin Coachella a Kalifoniya. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a Niyok suka sake ɗaukar waƙoƙin sabon albam ɗinsu da jitar da ba ta lantarki ba. Na lantarkin, Funeral for Justice, ya fito a Mayun 2024, ɗayan kuma, Tears of Injustice, a Fabrairun 2025. Waƙoƙin suna magana ne a kan abin da Faransa ta yi wa yankin, da kukan kada harshen Tamashek ya ɓace.

Idan an dawo gida fa? Biki. A Agadas makaɗan jita a gidan biki suke cin abinci: a shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareta, a jona lasifika, mata da samari su yi da'ira, ana rawa ana liƙi. A nan Mdou ya goge, kuma bai daina ba don ya je Turai. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, ta 'yan gida ɗaya, tun 1995 take wannan aiki a Agadas kafin duniya ta san da ita. A Yamai kuma akwai Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, waɗanda wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna FatCat ya fitar wa da albam ɗin Kaani a 2013. Sun shahara da wasa dare biyar a mako, awa biyar a tsaye, kuma suna da mutane da yawa yadda za su iya rabuwa biyu su yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. Shugabansu, wanda aka fi sani da Almeida, ya yi aikin alƙali a kotu da rana. Da muka karanto wannan, akanta ya tashi tsaye ya yi tafi. Ko a Amurkan ma haka abin yake: ɗaya daga cikin 'yan Pavement ya daɗe yana aiki a harkar tseren dawaki.

Mu ma muna da namu ɗan guntun ilmin. A zangon da ya wuce wata ƙungiyar ɗalibai ta gayyaci mai jitarmu wasa a liyafarta ta ƙarshen shekara, aka yi ciniki a kan naira 20,000. Mu muka yi masa dako. Muka yi hayar lasifika, muka ɗauki adaidaita sahu zuwa da dawowa, waya ɗaya ta tsinke aka sayi sabuwa. An ce zai hau ƙarfe takwas, bai hau ba sai sha ɗaya saura, bayan jawabai tara, rabin mutane sun watse. Ya yi waƙa uku aka ɗauke wuta. Da muka je karɓar kuɗi, ma'aji ya ce shugaba, shugaba ya ce ma'aji, daga ƙarshe aka ba mu takeyawe biyu na shinkafa aka ce ai an tallata shi. Har yau akanta yana da shafin a littafinsa, da jan biro.

Ba za mu ɓoye nasa martanin ba, domin yana da ƙarfi. Ya ce, "To shi Mdou digiri ya jira? Da ya tsaya wannan lissafin naku da har yanzu yana ƙauye. Kuma ku da kuke karatun, nawa ne a cikin yayyenku suka gama suka samu aiki?" Tambayar ta zauna mana a wuya. Kowannenmu yana da yaya ko 'yar uwa da kwalinsa ke cikin akwati shekara uku, huɗu. Ba mu da bakin cewa makaranta tabbas ce. Kuma in za mu faɗi tsakani da Allah, akwai ɗan kishi a cikin nasiharmu, domin shi kaɗai ne a ɗakin ya san abin da yake so.

Inda muka tsaya da shi shi ne nan. Mdou bai bar komai ya zauna jiran Amurka ba. Yana da kasuwa a ƙofar gida, garin da ba a biki sai da jita, wadda ta riƙe shi tsawon shekarun nan 13 tana kuma koya masa yadda ake riƙe taro. Mu a garuruwanmu, mai biki dije yake nema, ko mawaƙi mai fiyano da zai ambaci sunan amarya da danginta. Muka tambaye shi: wa zai biya ka ranar Asabar mai zuwa, da wadda ke bayanta? Ka kawo mana sunaye goma, ba masu danna alamar so ba, masu miƙo kuɗi. In ka cika goma, mu da kanmu za mu raka ka wurin Baba, mu durƙusa tare. A ganinmu wannan jerin zai iya haɗa shi yana aji, da hutun ƙarshen mako da dogon hutu, kuma zai fi sauƙin haɗuwa a makaranta, inda kowane zango akwai taro goma, fiye da a ɗakin Umma inda ba zai ma iya fito da jitar fili ba.

Bai ce ya yarda ba. Amma da muka dawo daga lacca ranar Alhamis, sai muka tarar ya yage takarda daga littafi ya manna a bango, daf da jadawalin jarrabawa. Ya ja layi a tsakiya, ranaku a hagu, wurare a dama, ya sa lamba 1 zuwa 10. Uku ya cike. Na farko kamun 'yar ƙanwar mahaifiyar wani abokinmu ne, Asabar ta sama, kuma wannan karon an ba da rabin kuɗi tun yanzu domin akanta ne ya yi cinikin. Na biyu daren al'adu na ɗaliban jiharsu. Na uku ya rubuta sunan wani wurin shan shayi da ke bakin ƙofar makaranta, ya sa alamar tambaya, wai mai wurin ya ce zai yi tunani. Kamun nan kwana biyu ne tsakaninsa da jarrabawar kwas ɗin da ya riga ya taɓa kayar da shi, kuma mun nuna masa haka, ya ce ya gani.

Fom ɗin jingine karatu yana ƙarƙashin katifarsa, ya cike sunansa da lambarsa, bai sa hannu ba. Ranar Juma'a mai zuwa ake rufe karɓa. Mu dai an riga an raba mana aiki na ranar Asabar: biyu lasifika, ɗaya wayoyi, ɗaya riƙe fitilar waya in an ɗauke wuta, akanta kuma littafi da biro.

Wanda yake da irin wannan a ɗakinsu, mawaƙi ko mai barkwanci ko ɗan ƙwallo, ya rubuto mana yadda suka ƙare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan masu jakar laburare.